Muhawara: wanda ya sake babi don mayaƙinsa ya mutu, ya buga Fire Emblem kuwa?

Na Bagalam: Salamu alaikum 'yan fada. Maganar da muka fara jiya wajen shayi ba ta ƙare ba, shi ya sa na kawo ta nan kowa ya sa baki. Abin da na ce shi ne: duk wanda mayaƙinsa ya mutu a Fire Emblem, wasan bidiyon nan na dabarun yaƙi, ya tashi ya sake babin daga farko don ya dawo da shi, to bai buga Fire Emblem ba, wani wasa daban ya buga. Tun fitowar na farko a Japan a 1990, a kan na'urar wasa ta Famicom, abin da ya bambanta shi da sauran wasannin yaƙi ke nan. Kowane soja da sunansa, da fuskarsa, da danginsa, kuma in ya faɗi ya faɗi ke nan. In ka cire wannan, saura me?

Autan Fada: Wa alaikumus salam. Yaya, na san da ni kake, gara in fito fili. The Sacred Stones, Fire Emblem na na'urar Game Boy Advance, nake bugawa a tarho da emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar. Vanessa ce, mai doki mai fiffike. Na tura ta ta tsallake dutse, ban lura da maharbin da ke bayan itatuwa ba, ya matso ya sake mata kibiya, wani mai gatari ya ƙarasa ta. Wannan ita ce ta ɗauko mini Ross daga bakin 'yan fashi a babi na 2, tun yana yaro mai rauni. In bar ta a ƙasa in wuce? Wallahi ban iya ba. Na sake babin, kuma ban ji na yi laifi ba.

Na Bagalam: Ƙanena, ai wannan zafin da ka ji shi ne wasan. Wasan ya ba ka shi, kai kuma ka mayar masa da abinsa. Kuma ba zaluntarka aka yi ba. Da jini 17 Vanessa take farawa, wato iya raunin da za ta jure kafin ta faɗi. Bakan ƙarfe ƙarfinsa 6 ne, amma a kan duk mai tashi sama ana ninka shi sau uku, ya zama 18, kafin ma a haɗa da ƙarfin maharbin. Da ka ɗora alama a kan maharbin nan ka danna, da ka ga duk gidajen da kibiyarsa ke iya kaiwa. Ba a ɓoye maka komai ba.

Ɗan Kabu-kabu: Ni dai ina bayan Auta. Ku masu zaman shago kuna da lokaci. Ni tsakanin fasinja da fasinja nake taɓa wasan, a inuwar bakin kasuwa, wani lokaci babi ɗaya ya kai ni kwanaki. Ga matsalar kuran, ga shaji da ke ƙarewa ana tsakiyar yaƙi. Mutumin da ke wasa cikin wannan hali ka ce masa kuma duk kuskuren da ya yi ya zauna har abada?

Mai Gyaran Tarho: Maigida, batun shaji ba hujja ba ce a nan, bari in faɗa maka dalili. Wasannin Fire Emblem na Game Boy Advance suna ajiye kansu bayan kowane motsi. Tarho ya mutu, ka samu wuta ka kunna, ka zaɓi ci gaba, a daidai inda ka tsaya za ka samu kanka. Har ma in ka kashe shi da gangan don ka ga sara zai kashe maka mutum, in ka dawo saran nan dai zai sake sauka, sakamakon bai canzawa. Da niyya suka yi haka. Hanya ɗaya suka bar maka ta dawo da mamaci, wato ka zubar da duk aikin babin ka faro daga tushe.

Kuma a nan ne na rabu da Na Bagalam. Tunda sun bar wannan ƙofar a buɗe, ai cikin wasan take. Sun toshe ƙofar arha, sun bar mai tsada. Auta ya biya. Awa nawa ya zuba a babin, da ƙarin ƙarfin da sauran yaransa suka samu a ciki, duk ya yafe su saboda mace ɗaya. Ni ban ga inda ya guje wa hukunci ba.

Ɗan Kabu-kabu: To na janye batun shaji. Amma batun lokaci yana nan.

Na Bagalam: Malam mai gyara, ƙofa a buɗe ba ta nufin nan ne hanyar. Duba yawan mutanen da The Sacred Stones ke ba ka, sama da 30, alhali a yawancin babuka ba ka iya fita da ko rabinsu. Don me? Don an san za a yi asara. Mai doki ya faɗi, ga wani mai doki na tafe. Vanessa ta tafi, Tana na zuwa gaba, daga baya ga Syrene, su ma masu doki mai fiffike. A Shadow Dragon, Fire Emblem na na'urar DS, na 2008, har akwai babukan gefe da ba su buɗe maka sai rundunarka ta ragu zuwa mutum 15 ko ƙasa da haka. Wato akwai ɓangaren wasan da wanda bai taɓa binne kowa ba ba zai gani ba sam.

Ku tuna dattawan da ke buga dara a gindin bedi. In abokin wasanka ya jera uku ya ci maka ɗa, ka taɓa ganin wanda ya ce a watse a sake shuka don yana son wannan ɗan? Da abin da ya rage ake nuna gwaninta.

Malamar Lissafi: Sannunku. Na karanta duka kafin in yi magana. Yaya Na Bagalam, ɗan dara ba shi da uba. Ross yana da uba, Garcia, kuma yana nan cikin rundunar tare da shi. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Masu wasan sun rubuta hirarraki tsakanin mayaƙa, mataki uku, C da B da A, ba sa buɗewa sai mutum biyu sun daɗe suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa. Kowane mayaƙi hira biyar kawai yake iya yi a bugu ɗaya. In Vanessa ta mutu da wuri, duk abin da ke tsakaninta da Innes, ko da 'yar'uwarta Syrene, ya rufe. To kai ka ce mai sake babi ya rasa wani ɓangare, ni kuma na ce mai barin gawa ya rasa wani. Ba wanda ya ga wasan duka a tafiya ɗaya.

Sai abu na biyu, wanda shi ya sa na shigo. Ka ce ba a ɓoye komai ba. An ɓoye. Lambar da ake nuna maka ta yiwuwar sara ya samu ba ita ce ta gaskiya ba. A na Game Boy Advance, tun daga The Binding Blade na 2002, wasan yana jefa lamba biyu tsakanin 0 da 99, ya raba jimillarsu biyu, sannan ya gwada da abin da aka nuna. Sakamakon haka, in ka ga 80, gaskiyarta kusan 92 cikin 100 ne. In ka ga 30, wajen 18 ne. A kusa da 50 ne kawai lambar ke faɗin kusan gaskiya. Tunda yaranka su ne galibi masu manyan lambobi, maƙiya kuma masu ƙanana, to wasan yana tallafa maka a ɓoye.

Autan Fada: Malama, ashe shi ya sa masu gatarin nan ke yawan kuskure Eirika, jarumar wasan mai takobi!

Malamar Lissafi: Shi ne, ga kuma takobi na rinjayar gatari, gatari na rinjayar mashi, mashi na rinjayar takobi. Amma mugun sara, wanda ke ninka rauni sau uku, lamba ɗaya ake jefa masa. In an rubuta 3, to 3 ɗin ne cif. Yanzu ka ɗauka ka tsara komai daidai, ka ajiye mutuminka inda lissafi ya ce zai tsira, sai wannan 3 ɗin ta faɗo. Wane darasi ka koya? Babu. Kuskuren Auta da maharbi kuskure ne, na yarda. Amma ba kowace mutuwa ce kuskure ba, kuma ban yarda a ce wanda ya ƙi karɓar irin wannan bai iya wasa ba.

Na Bagalam: Malama, na gode da lissafin, ban san na lamba biyun nan ba. Amma 3 ɗin nan ai an nuna maka ita kafin ka danna. Ka gan ta, ka ce ba komai. Gwani yana neman inda za ta zama 0, ya sa mai sa'a da yawa a gaba, ko ya kashe mai mugun makamin daga nesa. Dubi babi na 5, a garin Serafew. Joshua na tsaye da takobinsa mai yawan mugun sara, kuma Natasha ce kaɗai za ta yi masa magana ya dawo ɓangarenka, ita kuwa mai magani ce, ko makami ba ta riƙewa. Sai ka ƙirga takunsa gida-gida, ka san wa zai jure masa ba tare da ya kashe shi ba, ka san ta ina za ta iso gare shi. Ranar da na yi wannan da sanin cewa ba zan sake ba ko me ya faru, hannuna har gumi yake. Wanda ya san yana da hanyar komawa ba zai taɓa jin haka ba. Wannan nake so ƙannena su ɗanɗana, ba wai ina raina kowa ba.

Ɗan Jami'a: Bari in kawo tarihin, don masu wasan da kansu sun riga sun yi wannan muhawara. A 2010, a New Mystery of the Emblem da ya fito a Japan kaɗai, suka fara sa zaɓin da wanda ya faɗi zai dawo a babi na gaba. Awakening ya zo da shi a 2012, ya isa Amurka da Turai a 2013. Kafin fitowarsa an gaya wa masu yin sa cewa in bai sayu ba zai iya zama na ƙarshe, sai ya sayu sosai, jerin ya rayu. A 2017 Echoes ya kawo mayar da lokaci baya a tsakiyar yaƙi, Three Houses na 2019 ma haka. Intelligent Systems da Nintendo, masu wasan, su ne suka sa waɗannan da hannunsu. Za mu fi su sanin mene ne Fire Emblem?

Na Bagalam: Sun sa don kasuwa, kuma ban zarge su ba. Amma ba su cire tsohon tsarin ba, har yau yana nan ka zaɓa. Me ya hana su cire shi in ba shi da amfani?

Ɗan Jami'a: Ba wanda ya ce ba shi da amfani, yaya. Cewa muka yi ba shi kaɗai ba ne.

Mai Gyaran Tarho: Akwai abin da duk muke zagayewa. Mu nan Maradi kusan dukkanmu da emuleta muke bugawa, ba da na'urar asali ba. Emuleta kuwa tana da maɓallin ajiya na kanta, wanda ba na wasan ba. Yara na kawo mini tarho gyara, ina ganin yadda suke yi: kafin kowane sara a ajiye, in bai samu ba a dawo, a ɗan motsa wani abu don lambobin su juya, a sake. Har ƙarin ƙarfi in mayaƙi ya hau mataki, sai an yi ta maimaitawa har ya fito yadda ake so. A filin dambe na Serafew, inda ake sa kuɗi kuma mutum na iya mutuwa, da haka suke tara dukiya ba fargaba. Wannan kam in Na Bagalam ya ce ba wasan ba ne, zan sa hannu. Ba asarar mutum, ba asarar lokaci, ba abin da aka biya. Amma haɗa wannan da abin da Auta ya yi zalunci ne.

Malamar Lissafi: Nan na tsaya ni ma. Tsoron asara shi ke sa mutum ya yi tunani kafin ya motsa. Mai sake babi yana da wannan tsoron, domin ya san awa biyu na iya tafiya a banza. Mai maɓallin ajiya ba shi da shi.

Ɗan Kabu-kabu: To ni ina amfani da maɓallin, amma don fasinja, ba don sara ba. Kuma in babin ya yi tsawo nakan ajiye sau ɗaya a tsakiya. Ku yanke mini hukunci.

Mai Gyaran Tarho: Don fasinja ba ka bukatarsa, wasan na ajiyewa da kansa, na faɗa. Na tsakiyar babin kuwa, Shadow Dragon ma ya sa wuraren ajiya a cikin fili, to ba ka yi nisa da abin da su suka yarda da shi ba.

Na Bagalam: Na yarda mai maɓalli da mai sake babi ba ɗaya ba ne, na rage maganata zuwa nan. Amma ban bar asalinta ba. Auta, ka gama wannan bugun yadda kake so, ka ga labarin Eirika har ƙarshe. Bayan babi na 8 hanya ta rabu biyu, saura ta ɗan'uwanta Ephraim ba ka gani ba. In ka zo yin ta, ka yi ta ba sakewa, sai fa in Ephraim ko Eirika ne suka faɗi, tunda nan wasan da kansa ke tsayawa. Kada ka shiga hasumiyar Valni neman ƙarin ƙarfi. Seth, mai dokin nan da ke farawa da ƙarfi, ka yi amfani da shi, amma kada ka bar shi ya cinye maka duk maƙiya yara su tashi ba ƙarfi. In ka kai ƙarshe ka zo ka faɗa mana wanne ya fi zama maka a rai.

Autan Fada: Na karɓa, yaya, amma da sharaɗi. Kai ma ka yi bugu ɗaya da ba ka bar kowa a ƙasa ba, ka kai yaran nan masu farawa da rauni, Ross da Amelia da Ewan, har matakinsu na ƙarshe, ka buɗe hirar Ross da babansa har A. Malama ce shaida.

Malamar Lissafi: Na shaida. Kowa ya turo hoton rundunarsa bayan kowane babi, da sunayen waɗanda suka rage.

Na Bagalam: Ewan zai ba ni wahala, yana zuwa a makare kuma ba jini. Amma na yarda. Ran Lahadi bayan la'asar a fada, kowa ya zo da tarhonsa cike da shaji, Mai Gyara ya duba mana cewa duk sigar wasa ɗaya muke da ita kafin a fara.