Tambaya: Yaya ake dafa faten tuffa ba tare da ya kama ƙasan tukunya ba?

Maman Sadiya, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ƙanin maigidana ya dawo daga Kano ranar Asabar ya sauke mana rabin katan na tuffa, ja da koriya a haɗe, kuma da wannan zafi na watan Afrilu har wasu sun fara laushi tun ba mu ci kashi ɗaya cikin huɗu ba. Hajiyarmu, mahaifiyar maigida, tana son tuffa amma haƙoranta ba sa iya ta yanzu, ga kuma ƙaramar yarinyata ta shiga wata na bakwai, mun fara ba ta abinci bayan nono. Wannan ya sa na yi tunanin in dafa ta in dame ta yi laushi, yadda su biyun za su amfana.

Jiya na gwada da guda shida. Na fere, na yayyanka, na zuba ruwa har ya sha kansu kamar yadda muke dafa dankali. Da suka dahu abin ya fito tsululu, sai na ƙara wuta domin ruwan ya ja, na tafi na yi sallar La'asar. Kafin in dawo ya kama ƙasan tukunya, ƙauri ya cika gidan, launinsa kuma ya koma kamar na ruwan tsamiya. Ina roƙon wadda ta san kan abin ta nuna mini inda na kuskure, ta kuma gaya mini kwana nawa yake yi kafin ya lalace, tunda wutar lantarki a unguwarmu sai an dace.

Goggo Indo, Daura

Wa alaikumus salam 'yata. Kuskurenki na farko ruwa ne, sauran duk daga shi suka biyo baya. Tuffa ba dankali ba ce, kusan kashi 85 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, kuma da zarar ta ji wuta ita da kanta take sakin nata. Idan kina da kilo ɗaya, wato kamar guda biyar ko shida matsakaita, rabin kofi na ruwa ya ishe ki, kuma aikinsa kawai ya tsare ƙasan tukunya kafin tuffar ta fara tsatsafo da nata.

Ki wanke su sosai, ki fere, ki raba kowace huɗu, ki ƙwaƙule tsakiyar da 'ya'yan nan baƙaƙe, sannan ki yanka su daidai girman sukari mai iyali. Ki lura su zo kusan girma ɗaya, don idan wani yanki ya fi wani, ƙaramin zai narke ya fara kamawa babban kuwa yana nan da gardinsa. Tun kafin ki fara yanka ki ajiye roba da ruwa a gefe, ki matse rabin lemun tsami a ciki, duk wanda kika yanka ki jefa shi nan. Duhun da tuffa take yi bayan an yanka ta haɗuwarta da iska ne, irin abin da kike gani a jikin gauta ko ayaba idan aka bar su a buɗe, tsamin lemun kuwa yana rage wannan sauri. Ba lalacewa ba ce, amma ido ma yana cin abinci, kuma tsoho idan ya ga abu ya yi duhu da wuya ya kai shi baki.

Ki tsame ki zuba a tukunya mai kaurin gindi, ki rufe. Da ya tafasa ki rage wutar can ƙasa, irin wadda ake turara shinkafa da ita. Idan da gawayi kike aiki, ki janye rabin garwashin. Minti 15 zuwa 20 ne kawai aikin, saboda haka ba girkin da ake ɗorawa a tafi wani wuri ba ne. Ki idar da sallarki tukuna. Bayan kowane minti biyar ki buɗe ki juya da muciya har ƙasa. Alamar ya yi ita ce ki danna yanki ɗaya a jikin tukunya ki ga ya baje ba tare da kin sa ƙarfi ba. Daga nan ki sauke, ki burge da maburgi ko ki danne da bayan ludayi. Ni ban cika son blanda a nan ba, domin tana mayar da shi sumul har ya rasa abin da harshe zai taɓa, amma ga jaririya wannan sumul ɗin ake nema.

Sukari kuma kada ki sa sai kin sauke kin ɗanɗana, don dahuwa tana fito da zaƙin da ba ki zata ba. Na Hajiya ki jefa masa ɗan sandan kirfa tun a tukunya, da kanumfari ƙwaya biyu, ki tsame su kafin ki dama. Kada kanumfarin ya wuce biyu, in ba haka ba shi kaɗai za a ji.

Mai Kayan Marmari, Babbar Kasuwa, Katsina

Hajiya, Goggo ta gama magana a kan girki, ni a kan tuffar kanta zan ƙara, tunda ita nake juyawa kullum. Yawancin wadda muke sayarwa daga Afirka ta Kudu take fitowa, ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta hau mota zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, sannan ta iso mana. Ana noma 'yar kaɗan a Jihar Filato saboda sanyin wurin, amma ba kasafai take kawowa nan ba. Abin da ya yi wannan doguwar tafiya cikin sanyi, idan ya fito ya haɗu da zafin Katsina, ba ya jimawa.

Koriyar nan mai tsami ita ake kira Granny Smith, asalinta daga Ostareliya. Mai ja da ratsin rawaya galibi Royal Gala ce, mai zaƙi. Sa'a kika yi da aka kawo miki su a haɗe, domin idan kika dafa ja ita kaɗai abin zai fito salam, idan kuma koriya ce zalla sai kin cika sukari kafin ya shawu. Ki sa ja biyu koriya ɗaya.

Yau ɗin nan ki zazzage katan ɗin ki tantance. Wadda ta yi laushi kawai ko ta bugu a gefe, ki yanke wurin ki dafa ta, ita ce ma ta fi saurin narkewa. Amma wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna, ki zubar da ita gaba ɗaya, kada ki ce za ki yanke gefe ki ci sauran, domin gubar da fumfunar take bari ba ta mutuwa da dahuwa. Kada kuma ki ajiye tuffa wuri ɗaya da ayaba ko tumatir, akwai wata iska da take fitarwa da ke sa su nuna kafin lokacinsu. A wuri ɗaya na saɓa da Goggo, tare da girmamawa: a gidana ba a fere jar, da ɓawonta ake dafawa a tace da rariya, sai ya fito da ɗan launin ja mai kyau, ba a kuma yi asarar naman da wuƙa take tafiya da shi ba.

Anti Nas, Rafin Daɗi, Katsina

Ƙanwata, ni aikin jinya nake yi, kuma a kan yarinyar zan tsaya. Ki ɗebi nata kafin ki sa komai, babu sukari, babu gishiri, babu kayan ƙamshi. Zuma kuwa kada ta kusanci bakinta sai ta cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai kai ya yi maganinta ba, kuma dafawa irin ta gida ba ta kawar da ita. Ki fara da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, ki ci gaba da ba ta nono yadda kika saba, faten tuffa ƙari ne kawai ba madadinsa ba. Idan blanda za ki yi amfani da ita, ki tabbatar kin cire 'ya'yan tsakiyar duka, don idan aka niƙa su suna fitar da sinadari mai guba.

Game da ajiya, a firij mai samun wuta ba yankewa yana kai mako guda a cikin mazubi mai murfi, idan kuma ya daskare a firiza yana yin watanni. Amma ke kin faɗi halin wutar unguwarku, kuma a wannan lokaci da zafi yake haura digiri 40, dafaffen abu mai ruwa bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba. Shawarata ki riƙa dafa guda biyu ko uku kullum, a cinye a take. Ki ɗiba a ƙaramin kofi ki ba ta daga nan, abin da ta rage a zubar, cokalin da ya shiga bakinta kuma kada ya koma cikin babban mazubi.

Maman Sadiya, Ƙofar Marusa, Katsina

Allah ya saka muku da alheri. Na tantance katan ɗin na zubar da guda huɗu. Da safe na dafa ja biyu da koriya ɗaya da ruwa cokali huɗu, na tsaya a kansa har ya yi, bai kama ba, ban kuma sa sukari ba. Hajiya ta zuba nata a kan nono ta shanye, ta ce gobe a ƙara mata citta kaɗan. Yarinyar ta yamutsa fuska a cokalin farko, ta karɓi na biyu. Goggo, idan zan sa cittar, ɗanya ta fi ko busasshiya?