Musayar Waƙa: Tattakin Iyali Domin Masu Ciwon Daji

Uwar Tagwaye:
Assalamu alaikum. A watan Oktoba, wanda aka ware domin wayar da kai kan sankarar mama, mun shiga tattakin tara gudummawa ga masu ciwon daji tare da mahaifiyata, wadda har yanzu take karɓar magani. Ga abin da na rubuta:

Mun yi sammako, ni da 'ya'yana,
Da maigida, dukanmu mun kama hanya.

Inna tana bisa keke muna turawa,
Ta rame ƙwarai, amma ba ta jin kunya.

Autanmu ya ɗaga allo da sunanta,
Hannunsa ya gaji, bai yarda ya ajiye ba, ya yi juriya.

Malam Mai Lissafi:
Allah Ya ba Inna lafiya, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 9.7 wannan cuta ta kashe, saboda haka ki yi haƙuri da amsata:

Hajiya, tattaki ba ya kashe sankara,
Gumin ƙafa bai taɓa zama jinya.

Kuɗin riguna da alluna da kuka ɓatar,
Da asibiti kuka kai su da sun fi moriya.

Uwar Tagwaye:
Malam, kana zaune kana lissafi,
Mu da ƙafa muka tara kuɗin a hanya.

Kowane taku akwai mai ɗaukar nauyi,
'Yan uwa sun biya, babu batun ƙarya.

Wata ta tsai da ni tana hawaye,
Ƙullutu take ɓoyewa tun watannin baya.

Ganin Inna ya sa za ta je gwaji,
Faɗa mini farashin wannan a dukiya.

Ƙanwar Marubuta:
Yaya, wallahi kin gama magana, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san baitinki na ƙarshe gaskiya ne. Malam ya nemi wani fagen.

Ɗalibin Aruli:
Kafin a raba nasara, ya kamata a duba kari, wato ma'aunin waƙa. Amsa-amon "ya" ya zauna a wurin kowa, amma ɗango na biyu a baitin Hajiya na uku ya zarce 'yan uwansa da gaɓoɓi masu yawa, har numfashi yana yankewa kafin a kai ƙarshensa.

Ƙanwar Marubuta:
Me ya sa ba ka auna "Da asibiti kuka kai su da sun fi moriya" ba? Ko ma'auninka na mata ne kaɗai?

Ɗalibin Aruli:
Shi ma ya karye, ban musa ba, sai dai karayar Malam ta gaɓa biyu ce ko uku, ta Hajiya kuwa ta kusa rabin ɗango, kuma waƙar ƙwar biyu ba ta ɗaukar irin wannan.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku bar kari ya huta, ana maganar rai. Malam, a shekarar 1980 wani matashi ɗan Kanada mai suna Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa saboda sankarar ƙashi, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba har kilomita 5,373 domin tara kuɗin bincike. Ya rasu a 1981, amma har yau ana gudu da sunansa duk shekara, kuɗin kuma yana shiga bincike.

Wadda ta zo da wuri mukan cece ta,
Wadda ta makara ita ke shan wuya.

'Yar shekara 9 har zuwa 14,
Rigakafin HPV na ba ta kariya.

Ina nufin kariya daga sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, kuma a wurin tattaki ne iyaye da yawa suke fara jin labarin allurar.

Malam Mai Lissafi:
Na yi jinkirin amsa domin baitin Hajiya ya taɓa ni.

Yayana na yi jinya har ya cika,
Kuɗi suka ƙare muna tsakar tafiya.

Ban ga mai allo a ƙofar ɗakinsa ba,
Shi ya sa nake tambaya da ɗaga murya.

Uwar Tagwaye:
Allah Ya jiƙansa, Malam, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Tambayarka tana kan hanya, domin mu ma sai da masu shirya tattakin suka nuna mana a rubuce inda gudummawar za ta tafi kafin mu sa hannu.

Ranar 4 ga Fabrairu tana tafe,
Ranar cutar daji ce a duk duniya.

Ka zo da 'ya'yansa su ɗau sunansa,
Mu za mu taka a gefenku gaba ɗaya.

Malam Mai Lissafi:
Zan yi shawara da mahaifiyarsu, Hajiya, domin ita ce mai yanke hukunci a kansu. Ki turo mini takardar da aka nuna muku, ina so in ga kaso nawa ne yake isa hannun majinyata.