Yarona bai ci STAAR ba, shin in sa hannu a cire shi daga ƙarin darasi?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Texas. Ɗana yana aji huɗu a nan Houston, bai ci lissafi a jarrabawar STAAR ba, wato jarrabawar da jihar Texas ke yi wa ɗalibai. Makaranta ta turo takarda cewa dole a yi masa ƙarin darasi, wai doka ce. Matsalar, sun sa shi bayan tashi, daidai lokacin Islamiyya. An ce ina da damar rubuta takarda a cire shi. Don Allah me kuke gani?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Yar uwa kar ki sa hannu tukuna. Kyauta ne fa. Ki tambayi abin da masu koyarwa a gida ke karɓa a awa ɗaya, sannan ki dawo mu yi magana.

Wata malamar firamare: Dokar gaskiya ce. Majalisar jihar ta yi dokar mai lamba HB 4545 a 2021, bayan korona ta ja yara baya. Da farko awa 30 ce a kowane darasin da yaro ya faɗi, malami ɗaya da yara uku kacal. Makarantu suka koka da ƙarancin malamai, sai wata dokar, HB 1416, ta sassauta a 2023: yara huɗu ga malami, awa 15 ga wanda ya kusa ci, awa 30 ga wanda ya yi nisa ko ya faɗi shekara biyu a jere. Ki fara tambayarsu wane rukuni ɗanki yake. In awa 15 ce, ai kafin ki ankara an gama.

Baban Islamiyya: Hajiya, ranar Asabar muna da aji. A dawo da shi can na ɗan lokaci, karatun Alƙur'ani ba zai tsaya ba in sha Allah.

Wata malamar firamare: Na manta, makarantu da yawa suna ware wani lokaci a cikin yini don ƙarin darasin. Ki nemi a sa shi nan. Kuma doka ta hana a cire yaro daga ainihin darasinsa ko lokacin wasa domin a yi masa ƙarin darasin. Ki kuma tambaya ko malami ne zai zauna da su ko kwamfuta za a ba su, don tun da kuɗin tallafin korona na gwamnatin tarayya ya ƙare a 2024, wasu wuraren sun fi dogara da manhaja. Ni dai yaron da lissafi ya rikita shi, mutum yake buƙata a gefensa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan je in ga shugabar makarantar, ba zan rubuta komai ba sai na ji rukuninsa.