Kyamarar Canon 6D a shago ko 5D Mark III ta intanet? A ba ni shawara kafin in saki kuɗi

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum manyanmu. Ni mai ɗaukar hoto ne a Legas, kyamarar Canon 700D nake aiki da ita, da lens 18-55 ɗin da ta zo da shi, sai kuma 50mm f/1.8. Aikina biki ne da suna da walima, daga Agege zuwa Mile 12, yawanci da daddare a hol ko ƙarƙashin rumfa, kuma da na ɗaga ISO don hoto ya yi haske a duhu, sai hoton ya yi yashi-yashi. Ina so in koma kyamara mai babbar sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikinta. Abu biyu ke gabana. Akwai 6D tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, a wani shago a kasuwar Computer Village ta Ikeja, bodi da batir ɗaya da caja, mai shagon ya tsaya a ₦520,000, garanti kwana bakwai. Sai wani da na gani a intanet mai 5D Mark III, ₦600,000. Ya ce yana Fatakwal, in tura rabi ya sa a mota, in ta iso in cika. Ya turo bidiyo tana aiki. Abin da ke hannuna ₦650,000 ne kacal. Wanne zan bi?

Mai Bidiyon Obalende:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar waɗannan tsofaffin, duka na 2012 ne. Ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi Sony A7 III. Tana kama ido da kanta, tana 4K, katinta biyu, batirinta NP-FZ100 na jure aiki. Yanzu kowace amarya bidiyo take so.

Ɗan Agege:
Yallaɓai na gode, amma kuɗin da na faɗa shi ne ke akwai, kuma lens ɗina na Canon ne.

Usta Mai Gyara:
Kafin maganar shago ko intanet, ka san 18-55 ɗinka ba zai hau ko ɗaya a cikin biyun ba. EF-S ne, na ƙaramar sensa, bakinsa ba ya shiga 6D ko 5D. 50mm ɗin kawai zai bi ka. Batirin 700D kuma LP-E8 ne, waɗannan LP-E6 suke ci, sai ka sayi na biyu. Ka cire wannan daga ₦650,000 tun yanzu.

Ga aikin biki 5D Mark III ta fi. Wuraren fokos 61 gare ta, 6D 11 ne kuma na tsakiyan ne kawai abin dogaro, ko da yake shi ɗin yana gani a duhu sosai. 5D tana cin katin ajiyar hoto iri biyu, CF da SD, tana rubuta hoto ɗaya a kan duka biyun. 6D SD ɗaya ne tal, in ya lalace bikin ya tafi. Amma 5D ɗin da ba ka riƙe a hannu ba, ba ta kai 6D ɗin da ka gwada ba. Ba a cinikin biri a sama.

In za ka shago, ka tafi da kwamfutarka da waya ta USB da katinka da lens ɗinka da tocila. Ka fara da ƙidayar shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. Kamfanin ya ƙiyasta wa 6D dannawa 100,000, 5D Mark III 150,000. Canon ba ta nuna lambar a menu, sai an jona ta da kwamfuta an karanta da manhaja. Kada ka yarda da hoton lambar da mai kaya ya nuna maka a wayarsa, a karanta a gabanka. Sai ka sa gudun shota mafi sauri, 1/4000 a 6D, 1/8000 a 5D, ka ɗauki sama ko farin bango a jere. In ka ga baƙin layi ko gefe ɗaya ya fi duhu, labulen shota ya fara gajiya. Daga nan ka ƙuntata ƙofar hasken lens zuwa f/22, ka ɗauki farar takarda, ka buɗe a kwamfuta ka zuƙo. Ɗigo-ɗigo ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi siriri kuwa yana iya zama karce, shi karce ba ya goguwa. Ka rufe murfi ka ɗauki hoto na daƙiƙa 30, ka duba jajaye da shuɗayen ɗigo a cikin baƙin. Ƴan kaɗan ba komai, tsohuwar sensa ba ta rasa su. In 5D ce, ka haska ramin CF ka ga ko akwai wanda ya lanƙwashe a cikin siraran ƙarafan da kati ke shiga.

Alhaji Mai Shago:
Usta ya gama magana. Mai shago yana da haya da ƙungiyar kasuwa a kansa, gobe in ka dawo za ka same shi. Na intanet layi ɗaya zai kashe shi ke nan. Kuma 5D Mark III mai lafiya a ₦600,000? Ko mu da muke saro su ba mu samu a haka, ƙasa da ₦780,000 ba na sallamawa. Araha ba ta ado.

Baban Walid:
Alhaji, a bar maganar "gobe za ka same shi". Za ka same shi, amma me zai yi maka? Akwai yaro a unguwarmu nan Idi-Araba, ɗinki yake yi yana tara kuɗi, mahaifiyarsa ta cika masa da kuɗin adashi, ya je wani shago ya sayi 5D Mark III. An ba shi rasit, an ce garanti sati ɗaya. Bodi sumul, robar hannu sabuwa fil, ƙidayar shota ƙasa da 20,000. Ranar kwana tara, ana tsakiyar kamu, ta ɗauke wuta. Ya canja batir, shiru. Da aka buɗe ta, fanel ɗin ƙasa, wato allon lantarkin cikinta, duk ya yi kore da farin gari. Gishirin teku ne. Kyamarar ta sha ruwa a bakin teku, aka busar da ita, aka canja mata roba, aka goge ta aka ɗora a kanta. Gishiri ba ya kashe inji nan take, a hankali yake cin ƙarfe, kuma laimar Ikko tana taya shi.

Ya koma da ita. Mai shago ya ce garanti ya wuce da kwana biyu, kuma tunda wani ya buɗe ta babu ruwansa, wai ma ina shaidar ba yaron ne ya jiƙa ta ba. Ya kai ƙara wajen shugabannin layin, suka karɓi rasit suka duba: "Canon camera" kawai aka rubuta, babu lambar siriyal. Ta yaya zai tabbatar ita ce aka sayar masa? Kuɗin sabon fanel ya kusa rabin kuɗin kyamarar. Ya maido wa masu biki kafin alƙalaminsu, ya sha zagi, yanzu ya koma kan keken ɗinki, uwar tana ta zubin adashin da ba ta ci ba. Wallahi duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci. Shago ba shi ne amana ba.

Alhaji Mai Shago:
Allah ya mayar masa da alheri. Amma don mutum ɗaya ya yi cuta ba za a shafa wa kowa ba.

Baban Walid:
Ban ce kowa ba. Na ce kwana bakwai an zaɓe shi ne don irin wannan ciwon ba ya fitowa a cikinsa.

Usta Mai Gyara:
Irin wannan ana iya kama ta tun a kan kanta. A juya ta a duba ramin da ake ɗaura ta a kan tiraifod mai ƙafa uku da ƙananan sukurorin ƙasa. Tsatsa ko farin gari a wurin, ajiye ta. A haska cikin gidan batir, a ɗaga robobin gefe a duba bakin USB da HDMI, a duba ƙarƙashin ƙarfen da filashi ke zama. Kan sukuru in ya ci, an taɓa buɗewa. Sabuwar roba a kan bodin da fentin gefensa ya koɗe, tambaya ce. Ƙidayar shota ma tana iya yaudara: in an canja fanel lambar na iya sauyawa, kuma kyamarar da ta yi shekaru tana bidiyo sensarta ta sha zafi alhali lambar ƙarama ce. Lambar siriyal da ke ƙasan bodi ta yi daidai da wadda ke cikin bayanan hoton da ka ɗauka, kuma a rubuta ta a rasit da sunan samfurin da kwanan wata. Wannan rasit ɗin ne zai fitar da kai in kayan sata ne aka biyo sawu.

Mai Bidiyon Obalende:
Alhaji ₦780,000? Satin nan aka yi wa wani tayin irinta ₦690,000 a kasuwar Alaba da batir biyu.

Hajiya Mai Hoton Mata:
Ni kuma 6D ɗin ce nake ganin an tsuga masa. Ana sa ta ₦430,000 a shafin saye da sayarwa na Jiji, har da ƙasa.

Alhaji Mai Shago:
Hajiya, kuɗin da aka rubuta daban, wanda za a faɗa miki in kin kira daban. Kuma ki tambaya tokumbo ce ko wadda aka yi aiki da ita a nan. Tun da aka saki naira a 2023 farashin dala yake bi, wanda ya saro wata uku baya da wanda ya saro jiya ba za su faɗi abu ɗaya ba.

Mai Bidiyon Obalende:
Da girmanka Alhaji, kai sayarwa kake yi, dole ka kare shago. Usta ma tsofaffin Canon ne abincinsa. A bar waɗanda ke fita aiki kullum su yi magana.

Usta Mai Gyara:
Mai fita aiki kyamararsa ɗaya ya sani, ko biyu. Mai gyara yana ganin cikin ta kowa. Kai ka ba shi shawarar abin da kuɗinsa bai kai ba.

Bazazzage:
Ɗan Agege, in Bakano ne kai ka faɗa mana, mu san ba saya za ka yi ba, tayi za ka yi ta yi har mai shago ya rufe.

Ɗan Agege:
Mu ne iyayen gidanku ai, ko a Ikko.

Hajiya Mai Hoton Mata:
Ku bar wasa. Intanet ba laifi ba ne, kayan kirki da yawa daga hannun masu hoton da ke komawa sabon samfuri suke fitowa, kuma sun fi sauƙi saboda babu haya babu la'ada. Sharaɗin shi ne mai kayan yana Legas. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, irin manyan kantunan Ikeja, ko a shagon mai gyaran da kai ka zaɓa, ka biya shi kuɗin dubawa. Kada ka tura ko sisi da sunan kuɗin mota ko na ɗan aike. Bidiyon da aka turo ba shaida ba ne, ana kwasowa daga shafin wani. Ka kira shi kiran bidiyo, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan yau a takarda ya ajiye kusa da lambar siriyal, ya kunna ta ya shiga menu kana kallo. Sunan asusun banki ya yi daidai da katin shaidarsa. Na Fatakwal ɗin nan, in da gaske yake, ya yarda wani naka da ke can ya je ya gwada kafin kuɗi ya fita. In ya fara cewa wasu na jira, ka yi sauri, rabu da shi.

Kuma tunda sai ka sayi lens, ka kula da fumfuna. Ka cire murfi biyun, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba a karkace. Zare-zare kamar saƙar gizo-gizo ita ce, in ta daɗe tana cinye rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. In lens 24-105 f/4 samfurin farko za ka saya, ka zuƙo shi daga farko zuwa ƙarshe kana ɗauka a f/8 da f/16 a kowane mataki. Siririyar wayar da ke cikinsa tana karyewa, sai kyamara ta riƙa nuna saƙon matsala Err 01 a wani tsayin kawai, in ƙofar haskensa a buɗe take gaba ɗaya kuma ya yi kamar lafiya lau. A gida kada ka bar kaya cikin jaka a damina. Roba mai murfi da ba ta shan iska, silika mai tsotse laima a ciki, da ƙaramin ma'aunin laima, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50.

Baban Walid:
Duk wannan gwajin a ina za a bar ka ka yi shi? Tun daga bakin titin Otigba na Computer Village ƴan kamasho za su rufe ka, wanda ya ja ka ba shi da shago, kayan wani zai ɗauko ya ɗora nasa. Ka fito da kwamfuta a ce kana tare wa mutane hanya.

Usta Mai Gyara:
Wanda ya hana ka rabin awa ka gwada, ya ba ka amsa. Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba bodi ba ne, jabun kati da batir ne, kuma wannan shago da intanet duk ɗaya. Kati an rubuta 128GB, cikinsa bai kai ba, kyamara tana nuna tana ajiyewa alhali sabon hoto na hawa kan tsoho. Sai an dawo gida a ga rabin fayilolin ba sa buɗewa, kuma irin wannan babu manhajar da ke dawo da shi, don an riga an rubuta wani a kansa.

Hajiya Mai Hoton Mata:
Kuma amarya ba ta san wani kati ba, kai ta sani. Duk sabon kati a sa shi a kwamfuta a gwada da manhajar H2testw, ta cika shi taf ta sake karantawa, kafin ya je wajen biki. Yana ɗaukar lokaci, a bar shi ya gama.

Mai Bidiyon Obalende:
Batir fa? Kwalin da tambarin duk iri ɗaya suke bugawa yanzu. Ka biya kuɗin na asali, wata biyu ya kumbura ya maƙale a ciki.

Alhaji Mai Shago:
Mu ma haka ake kawo mana su a katan, ba mu muke ƙerawa ba.

Baban Walid:
To ku riƙa faɗa wa mai saye cewa ba na asali ba ne, ku rage kuɗin. Wa ya hana?

Usta Mai Gyara:
A Canon ka shiga bayanin batir a menu, akwai sanduna uku kore da ke nuna lafiyarsa wajen riƙe caji, in ja ɗaya ya rage ya tsufa. Jabun kuwa wani lokaci kyamarar kan ce ba ta iya magana da shi. Ka riƙe shi da na asali hannu da hannu, sau da yawa jabun ya fi sakayau. Sannan ka ɗora shi a kan gilashin kanta ka murza, in ya juya kamar katantanwa cikinsa ya fara tashi, kada ya shiga kyamararka.