Sirri ko shamaki? Neman sunan privacy da Hausa

1/ 'Yan'uwa mazauna Legas masu sana'a ta waya, a taya ni nema. Kalmar nan privacy da ke cikin saitin WhatsApp da Facebook, me za mu kira ta da Hausa? Na san amsar da za ta fara zuwa ita ce sirri, don ita ce a bakin kowa. Ni dai ba ta kwanta mini ba.

2/ Na farko, an riga an ba sirri aiki. Lambar katin cirar kuɗi lambar sirri ce, abin da kake rubutawa ka shiga imel kalmar sirri ce. Ka ce wa mai tireda a Agege ya shiga wajen sirri ya gyara, wallahi lambar katinsa zai tafi canzawa.

3/ Na biyu ya fi damuna. Sirri abin da ake ɓoyewa ne. Lambar wayar dillalin tumatir a Mile 12 kuwa a jikin rumfarsa take rubuce, duk direban da ke sauke kaya daga Kano yana da ita, maƙwabta sun san gidansa. Bai ɓoye komai ba. Abin da ba ya so shi ne wani da bai taɓa gani ba ya haɗa lambar da hoton 'ya'yansa da sunan layinsu wuri guda, ya kira matarsa da tsakar rana ya ce an yi hatsari a Ikorodu Road, a turo kuɗin asibiti.

4/ Inda abin ya fi fitowa fili shi ne rajistar sunan shafi. Duk mai son adireshi nasa na kansa a intanet, mai ƙarewa da .com ko .ng, sai ya ba da suna, lambar waya, imel da adireshin gida ko ofis, ya kuma riƙa sabuntawa in wa'adi ya cika. Na .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, ofishinta nan Legas yake. Shekara da shekaru akwai rumbun da ake kira WHOIS, inda kowa zai rubuta sunan shafi ya ga mai shi har da lambarsa. Sai da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018 kamfanoni da yawa suka soma rufe waɗannan bayanai. Wasu kuma suna sa bayanan kamfani a gurbin naka. Sunanka yana nan a hannunsu, kotu na iya nema a ba ta, mai wucewa ne kawai ba zai gani ba. To wannan sirri ne?

5/ Amsoshi sun fara shigowa. Wani malami daga Idi-Araba ya kawo rufin asiri. Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi, sai dai ta yi nauyi. Rufin asiri shi muke roƙo bayan salla: a ci, a sha, a biya kuɗin haya ba a miƙa hannu ba. In muka liƙa shi a maɓallin waya, duk wanda ya danna sai a ɗauka yana da abin kunyar da yake gudun a tona.

6/ Wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Obalende ta ce killacewa. Hajiya, saura ƙiris na amince. Korona ce ta ɓata mana ita: tun 2020 in aka ce an killace mutum, cuta ake tunawa. Keɓantawa kuma da wani ɗalibi ya kawo daidai take a ma'ana, amma ƙanena, faɗi "saitin keɓantawa" sau uku da sauri ka ji yadda harshe ke harɗewa. Ta takarda ce.

7/ Wani Baba daga Alaba Rago ya turo saƙon murya, ya ce mu rubuta "ba shiga" kawai, yadda ake rubutawa da gawayi a ƙofar gida a Arewa. Na yi dariya, amma Baba ya taɓo wajen. Gidan Bahaushe hawa-hawa ne: baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, aboki ya wuce soro na biyu, ɗan'uwa ya shige har tsakar gida. Haka WhatsApp ya tsara hoton fuskarka da lokacin da aka gan ka na ƙarshe: ko kowa ya gani, ko waɗanda ka ajiye lambarsu, ko su ɗin ban da wane da wane, ko babu kowa. Matsalar "ba shiga" ita ce ta rufe ƙofa gaba ɗaya, alhali zaɓi huɗu ne a gabanka.

8/ Don haka ni na faɗa kan shamaki. Gajeriya ce, ba ta zargin kowa, kuma muna da ita a baki: "ana shiga ba shamaki", "an sa musu shamaki". Gwada ta a aiki. Sa wa hotonka shamaki. Saitin shamaki. Na yi rajistar shafi da shamakin bayanai. Har tana ɗaukar ɗabi'ar abin, don shamaki tare gani yake ta ɓangare biyu: in ka kashe shuɗin layin nan mai nuna ka karanta saƙo, kai ma ba za ka ga na mutane ba. A guruf dai bai tsare ka ba, wanda ya turo zai ga ka buɗe, masu laɓe a guruf ɗin 'yan unguwa sai a kiyaye.

9/ Wani lauya ya ja ni a kan maganar doka, kuma yana da gaskiya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. A nan "haƙƙin shamaki" ba ya tafiya. Barista, na bar maka kare sirri a kotu da labaran rediyo. A saitin waya da rajistar shafi kuwa shamaki zan riƙa rubutawa daga yau. Masu gyaran waya na Computer Village, ku ne kuka fi kowa yi wa mutane wannan bayani, ku gwada ta a kan kwastoma cikin makon nan ku gaya mana ko sun gane ba tare da ƙarin bayani ba.