Shawarwarin da aka bayar kan yawon tsaunuka a Gundumar Lake, Kolorado

Da aka tattauna batun zuwa Gundumar Lake a jihar Kolorado ta Amurka, abin da masu magana suka fi nanatawa shi ne tsayin wurin. Garin Leadville, hedikwatar gundumar, ya haura mita 3,000 sama da teku, don haka iskar shaƙa ba ta wadatar da baƙo. Shawarar ita ce mutum ya kwana ɗaya ko biyu a gari, ya yi ta shan ruwa, kafin ya tunkari Dutsen Elbert mai mita 4,401. Idan ciwon kai da jiri da tashin zuciya suka taso a hanya, a juyo a sauko. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci, domin ƙarfin jiki ba ya hana wannan ciwo.

Sai batun lokaci. A watannin Yuli da Agusta hadari kan haɗu da tsakar rana, da tsawa mai kisa, ga shi can sama babu itatuwa ko mafaka. Masu hawa kan tashi tun da asuba da tocila a goshi, su bar ƙololuwa kafin azahar.

An kuma ja kunne cewa hanyar Independence Pass, wato hanyar mota da ke ratsa tsaunukan yankin, a rufe take duk lokacin sanyi saboda ƙanƙara, kuma waya na rasa sabis a kwazazzabai, sai a sauke taswira tun daga masauki. Mai kwana a tanti ya ɓoye abinci saboda beyar (wata babbar dabbar daji), ya kuma tambaya ko an hana hura wuta a daji kafin ya kunna.