Wa Ya Riga Wani, Niyya Ko Ƙwaƙwalwa? Musayar Waƙa Kan Gwajin Libet

Malam Na-Zaure:

Salamu alaikum ma'abota waƙa,
Ga zance na kawo mai rikitarwa.

A 1983 masanin ƙwaƙwalwa Benjamin Libet
A San Faransisko ya yi aunawa.

Ya zaunar da mutum gaban agogo,
Ɗigon haske ne ke zagayawa,

Sakan 2.56 kowane zagaye,
Ido na kansa, babu kawarwa.

Wayoyi a fatar kai suna ɗaukar
Lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa,

Wasu a hannu suna gadin tsoka
Su kama lokacin motsawa.

Aka ce lanƙwasa hannu in ka ga dama,
Ba shiri, ba ƙidayawa,

Sannan ka faɗi inda ɗigo yake
Sa'ad da ka ji niyya na tasowa.

Sau 40 ake yi, a haɗa a raba,
Don a sau ɗaya alamar ba ta ganuwa.

Saura milisakan 550 a motsa
Igiyar ƙwaƙwalwa ke soma hauhawa,

Shi kuwa mai hannu sai saura 200
Yake jin niyyar tana zuwa.

To 350 ɗin da ke tsakani,
Wa ke riƙe da linzami, 'yan'uwa?

In ta riga ni yanke shawara,
Don me alƙali ke hukuntawa?

Malama Uwar Ɗalibai:

Malam, Allah ya ƙara sani,
Lissafinka daidai, na ba ka gaskiya.

Amma a nan ne gizo ke saƙa:
An fara awon ne daga baya.

Na'ura ba ta ajiye komai
Sai hannu ya motsa, sannan ta waiwaya.

Duk sa'ad da igiya ta hau ta sauka
Ba a motsa ba, ba wanda ya ƙidaya.

Aaron Schurger a 2012
A Faransa, da abokai, ya sake tambaya.

Suka ce ƙwaƙwalwa ba ta zama shiru,
Tana hawa da sauka dare da safiya.

Tunda ba dalilin fifita wani lokaci,
Hawan da ya kai gaci shi ke ba da hanya.

Mai duban hadari ran da aka yi ruwa kaɗai
Zai rantse hadari bai taɓa ƙarya.

Suka gwada da ƙarar ba-zata, a danna take:
In hawan ya yi nisa, amsa ba ta wuya.

Shi ma agogon ban wanke shi ba,
Ido na kan ɗigo, hankali na kan zuciya.

In aka jinkirta ƙara bayan dannawa,
Lokacin niyyar da mutum ke faɗa yakan sauya.

Ɗan Auta:

Malama, a gafarce ni, ban gamsu ba,
Gwajin 2008 ba ki taɓo shi ba:
Su Haynes a Jamus, da na'urar hoto babba,
Maɓallin hagu da na dama a gaba,
Sakan 7 har 10 sun hango kafin mutum ya zaɓa.

Malama Uwar Ɗalibai:

Auta, kawo adadin a gani a fili:
Kusan 60 cikin 100 suka dace, shi ne asali.
Mai jefa kwabo yana da 50, ba ilimi ba dalili.
Goman da ta hau karkata ce kawai ta hali,
Ba ta kai hujjar da za a kai gaban alƙali.

Baffa Mai Tasbaha:

'Ya'yana, kun warware awo da kyau,
Saura abin da ya fi damuna.

Motsa yatsa ba riba ba hasara,
Shi aka kira zaɓi, aka ba shi suna.

Uri Maoz a 2019
Ya kawo zaɓi mai nauyi ya auna:

Ƙungiyoyin agaji biyu, dala 1000,
Wacce za a bai wa? Kai za ka nuna.

In an danna ne kawai, igiyar tana nan,
In an yi tunani, da ƙyar take bayyana.

Ga laifin da nake gani na masanan jami'a:
Mujalla sai da kuɗi, an kulle an hana.

Tun 1969 suke kan misalin da masanin falsafa Harry Frankfurt ya kawo kan alhaki,
Mutum na ƙage, suna juya shi kwana da kwana.

Wannan ya ƙara sharaɗi, wancan ya cire,
Da yaren da mu na waje ba mu gane ma'ana.

Kanun labarai kuwa sun riga sun fita
Cewa kimiyya ta kashe zaɓi da rana.

Kafin gyara ya iso kunnen jama'a
An kusa shekara 30 ana ta magana.

Peter Strawson a 1962
Shi ya sauko inda mutane ke zauna:

Wani ya taka hannunka yana son taimakonka,
Wani ya taka don raini, yana nuna.

Zafin ɗaya ne, fushin ba ɗaya ba,
Nan alhaki yake, da yafiya da ƙauna.

Mu ma mun san gardamar tun ta Jabariyya, masu cewa bawa ba shi da zaɓi,
Da kasbin Ash'ari (Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa) da malamai suka bayyana.

An ɗauke alƙalami daga mutum uku,
Mai barci, yaro, mahaukaci, ku tuna.

Ba a tambayi milisakan nawa ba,
An tambayi hankalin mai ɗaukar amana.

Malam Na-Zaure:

Baffa, ranka ya daɗe, na karɓi ta mai barci,
Kotun Kanada ma ta yi sallamawa:

A 1987 wani ya tuƙa mota cikin barci,
Ya kashe surukarsa, ba ya farkawa.

Kotun ƙoli a 1992
Ta tabbatar da wankewa.

Amma ga mai ƙwaya, wanda ƙwara ta farko
Da idonsa biyu ya yi haɗiyewa,

Ta dubu kuwa jiki ke nema,
Yana kuka, yana ƙi, yana ɗaukowa.

A wace ƙwara alƙalami ya fara sassauci?
Malama, baitin naki muke saurarawa.